Keken Baba Tabarau

Tun kafin la'asar wuyan 'Yar Baba ya ƙage. Shayin da ta haɗa da hantsi yana gefen kwamfuta, ya yi sanyi har ya yi fata. A ofishin nan aikinsu zana cif, wato ƙwayar nan mai kamar farce da ke cikin wayar hannu da rediyo. Injiniyoyin ɗakin sama sukan turo taswira mai nuna abin da zai haɗu da wane. Su kuma na ɗakin ƙasa, inda 'Yar Baba take, su shimfiɗa komai a mazauninsa, su ja wa kowace wayar wuta hanyarta, kamar mai yanka filaye a sabuwar unguwa.

A da da hannu ake wannan shimfiɗa, ana wata da watanni. Yanzu manhaja aka kawo. Ka ba ta taswira, ka je ka yi salla ka dawo, ka tarar ta jera komai.

Wanda ya koya wa 'Yar Baba aikin hannu shi ne Baba Tabarau, kuma daga gare shi ta samo sunan. Dattijon yana da wata al'ada. Duk cif ɗin da ya bi ta hannunsa, sai ya nemi lungun da babu komai ya zana ɗan keke, irin wanda ya riƙa hawa zuwa aiki yana saurayi. Ido ba ya ganinsa sai da madubin ƙara girma. Yau ce ranarsa ta ƙarshe a ofis, don idanunsa sun gaji, kuma yau za a tura cif ɗin da 'Yar Baba ke aiki a kai masana'anta. Da safe ta yi masa alkawari keken zai shiga. Shugaban sashe ya yarda, da sharaɗin kada cif ya ƙara girma, kada kuma jar alamar kuskure ko ɗaya ta fito a gwaji.

Sai dai manhajar ba ta barin lungu. Da ƙyar 'Yar Baba ta matsa wasu wayoyi, ta samu ɗan fili, ta zana keken. Da ta sake kunna manhajar, sai ta share shi ta cike gurbin da ƙarfe. 'Yar Baba ta sake zana shi, ta kulle wurin, ta hana a taɓa. Wayoyi suka yi zagaye, hanyarsu ta yi tsawo, allon ya cika da ja. Ta gyara, ta sake, ta jira. Kowane zagaye sai ta zauna tana kallon ɗan layin da ke rarrafe a ƙasan allo.

Dogo, abokin aikinta na teburin gaba, ya leƙo ta saman kwamfutarsa.

"Har yanzu facin taya kike? Ki kai wa mai gyara a bakin titi mana."

"Dogo, don Allah ka ƙyale ni. Kaina kamar ana daka."

"Ni dai na faɗa miki, wannan abar ba ta san Baba ba. Abin da ba ya cikin taswira, a wurinta shara ne."

Ta ɗauki maganarsa, ta saka keken a cikin taswira kamar sauran kayan. Manhajar ta duba, ta ga ba a haɗa shi da komai ba, ta cire shi, har da ɗan saƙo cewa an kawar da abin da ba ya aiki.

Baba Tabarau yana can yana kwashe kayansa cikin kwali: kofi, darduma, tsohuwar rula. Ya taho a hankali yana dafa tebura, ya sunkuya, hancinsa ya kusa taɓa allon.

"Me ta rubuta, 'yata?"

Ta so ta ɓoye, amma ta karanta masa.

Ya yi 'yar dariya. "To ai ba ta yi ƙarya ba. Bar shi haka. Kin ga idonki kuwa? Tashi ki wanke fuska, ki tura musu abinsu."

Ya koma wurin kwalinsa. Ta bi bayansa da kallo, ta ga yadda yake juya rular a hannu, ya rasa inda zai sa ta.

Ta tashi ta wanke fuskar kamar yadda ya ce. Da ta dawo ba ta ƙara neman lungu ba. Ta nemo layin ƙasa, babbar hanyar da wuta ke bi ta koma bayan ta gama aikinta. A gefen cif layin yana da faɗi. Ta yanke wani yanki nasa, ta maye gurbin da keken: wuta ta shiga ta tayar baya, ta bi ta jikin keken, ta fita ta tayar gaba. Dole ta kaurara tayoyin don su ɗauki nauyin, kuma da yake layukan ba sa lanƙwasa, tayoyin suka fito da kusurwa-kusurwa. Ta rubuta shi a taswira da sunan waya. Ta kunna, ta jingina da kujera, ta rufe ido.

Muryar Dogo ce ta sa ta buɗe. "Ke, tashi. Babu ja."

Keken yana nan. Manhajar ta jera komai a kewayensa, don in ta cire shi wuta ba ta da hanya.

Ta kamo hannun Baba Tabarau ta zaunar da shi a kujerarta, ta ƙara girman hoton har keken ya cika allo. Ya goge tabarau da gefen riga, ya bi tayoyin da yatsa. Ta yi masa bayanin inda wuta ke shiga da inda take fita.

"Tayoyin nan sun yi ƙiba," in ji shi. "Kuma ina birki?"

"Baba, wuta ce a kai. Ba ta tsayawa."

"To, Allah Ya kiyaye hanya. Tura."

Ta tura. Dogo ya ɗauki kwalin ya yi gaba, dattijon na biye da shi. 'Yar Baba ta ɗauki kofinta, ta kurɓi shayin da sanyinsa, sannan ta shiga laluben takalminta a ƙarƙashin tebur.