Kabarin Baƙon Abarci

Tun da hantsi wani baƙo Banasare ya cika a zauren Abarci, mai masaukinsa. Ga rana ta kusa tsaka, gawa na nan kwance cikin zafin bazara.

Tare da ayarin gishiri ya zo Birnin Lalle, zazzaɓi ya kayar da shi, ayari ya wuce. Intalla, Buzun da ya tsaya jinyarsa, ya ce a can ƙasarsu ta Nasara baƙon babban malamin addinin Almasihu ne, har sarakuna na miƙe masa. Mu dai dogon mutum muka gani mai jan wuya, yana ɗiga wa mutane magani a ido ko da yana rawar ɗari. Yau waɗanda suka riƙa cika ƙofar Abarci da kumburarrun idanu, ko ƙeyarsu ba a gani. Abin kunya ne, har yanzu yana ba ni haushi.

Abarci ya kasa zaune ya kasa tsaye. A gidansa baƙo ya mutu, binne shi a wuyansa yake. Ya je wurin liman, liman ya ce maƙabarta ta Musulmi ce, kada kuma a fuskantar da shi alƙibla. Ya ruga wurin arna a bayan gari, suka ce ba su san abin da zai tayar musu ba. Ya dawo sharkaf da gumi, ya ɗauki dagi, shi da Intalla suka nufi gindin aduwar gonarsa.

Ya ɗaga dagi, sai ya tsaya. Bai taɓa gina kabarin da ba gabas yake kallo ba.

"Intalla, ina za mu maida huskarshi? Kai ka je Tarabulus."

"Na ga kusheyin Nasara can, amma ta bisa. Ban leƙa ciki ba."

"Yamma hwa?"

"Mu sa shi ya ba Allah baya?"

Suna ta zagaya aduwa kamar akuyar da aka ɗaure, sai ga Fadimata, tsohuwar Abarci, da ƙwaryar ruwa.

"Mi kuke jira? Ƙudaje sun cika zaure."

Abarci ya gaya mata.

"Daga ina ya hito?"

"Arewa, Inna. Bayan rairayi, bayan teku."

"To ku juya shi arewa. Wadda ta haihe shi tana can tana duban hanya, ba wanda za shi kai mata labari. Bari shi ma shi dube ta."

Abarci ya share ido da hannun riga, ya soka dagi cikin ƙasa.