Namijin Kabewa

Bayan ɗakin matar tela akwai wani ɗan fili tsakanin bango da magudanar ruwa, tsawonsa taku bakwai, faɗinsa bai kai uku ba. Nan ta shuka kabewa. Kabewar ta yi yaɗo har ta hau bango, ganye manya-manya, furanni rawaya kowace safiya. Amma ɗa ko ɗaya bai tsaya ba. Sai ya fito kamar kan babban yatsa, ya yi kwana uku, ya yanƙwane, ya faɗi.

Wan mijinta, wanda gidan yake hannunsa, ya sayi babur, kuma filin nan yake so ya riƙa ajiye shi. Wata safiya ya tsaya yana kallon ta tana ba da ruwa.

"Manomiya, wata uku ke nan muna kiwon ganye," in ji shi. "Ƙarshen watan nan, in ban ga ɗa ya kama ba, siminti zan zuba."

"To, Yaya," ta ce. Tela yana ciki yana jin su. Keken ɗinkinsa ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba.

Duk Asabar da la'asar wata malamar gona takan koyar da masu lambu da masu shukar gida a wani aji na makarantar unguwa. Bencinan na yara ne, manya su zauna gwiwa na dukan tebur. Matar tela ta zo sau uku, kullum a bencin ƙarshe, ba a taɓa jin muryarta ba. Ran nan malama ta shigo da furannin kabewa biyu a kwano, ta ɗaga su sama.

"Wannan mai siririn wuya namiji ne. Wannan mai ƙullutu a gindi ita ce mace. In garin nan rawaya na cikin namiji bai kai ga macen ba, ƙullutun zai faɗi. Ƙudan zuma ne ke kai shi. Inda ba su shiga, kai za ka kai da hannunka."

Wani tsoho da ake kira Mai Tumatir, wanda ke da lambu a bakin rafi, ya gyara hula. "Ashe har kabewa sai an yi mata dalilin miji! Malama, shi namijin me yake haifa?"

"Ba ya haifar komai, Baba."

"Sai shan ruwa da kwalliya. Na san irinsa, akwai biyu a gidana."

Aji ya kwashe da dariya. Matar tela ba ta yi ba. Tun da kabewarta ta fara fure ta lura masu siririn wuyan nan ba sa ba da komai, don haka kowace safiya takan bi su ɗaya-ɗaya ta tsinke, har da waɗanda ba su buɗe ba, don kada su shanye wa masu ƙullutu ruwa. Da safiyar ranar ma ta cika kwano da su ta zuba wa akuyar maƙwabta. Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare, akwai furanni mata biyu da za su buɗe gobe, kuma malama ta ce macen yini ɗaya take a buɗe, kafin hantsi ya dubi ludayi ta rufe.

Da aka tashi, ta bi malama zuwa ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa. Malama ta saurara, ta duba kwanonta.

"Waɗannan tun safe aka tsinko su, sun mutu. Sabo kike buƙata, na asuba. Baba ne mai kabewa a nan. Tambaye shi."

Mai Tumatir yana tsakiyar maza biyar yana ɗaure fartanya a bayan keke. Ta tsaya nesa kaɗan tana murza bakin mayafi. Ya ɗaga ƙafa zai hau.

"Baba," ta ce. Bai ji ba. Ta ƙara murya. "Baba, don Allah a ara mini namiji."

Ɗaya daga cikin mazan ya riƙe ciki ya durƙusa don dariya. Mai Tumatir ya sauke ƙafarsa a hankali.

"Ƴata, na gidan fa, me ya same shi?"

"Akuya na ba," ta ce, idonta a ƙasa.

Wannan karon har malama sai da ta dafa bango. Tsohon ya share hawaye da hannun riga, ya ce guda nawa take so. Ta ce biyu. Ya ce huɗu zai kawo, don ba duka ke da kuzari ba.

Washegari, rana ba ta gama fitowa ba, ya yi sallama da furanni huɗu a naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma. Ta cire musu rawayar fatar kamar yadda malama ta nuna, ta goga tsinken tsakiya a cikin kowace mace, sau uku uku. Ta ɗaura jan zare daga tarkacen tela a jikin kowacce don ta gane su.

Ɗaya ta faɗi ran kwana na huɗu. Ɗayar ta tsaya.

Ranar ƙarshen wata Yaya ya zo da buhun siminti biyu da magini. Ta ɗaga masa ganye. Kabewar ta fi dunƙulen hannunsa, koriya, jan zare a wuyanta. Ya tsuguna, ya latsa ta da yatsa, ya daɗe yana kallo.

"Simintin dai na riga na saya," ya ce.

Ya auna taku uku daga ƙofa, ya ja layi da ƙafa, ya ce wa magini ya tsaya nan. Taku huɗu suka rage mata, har da gindin kabewar. Magini ya fara kwaɓa siminti, ita kuma ta ɗauko bokiti ta ba da ruwa. A saman bango sabbin masu siririn wuya uku sun buɗe. Ta dube su, ta bar su.