Baƙin Kaskon Zorka

Sau ɗaya a shekara mazan garin Sombor ke tuna cewa akwai kicin a gidajensu, wato ranar takwas ga Maris, ranar mata. Ranar ce za ka ga ƙaton da bai san inda ake ajiye gishiri ba ya ɗaura ƙyallen girkin matarsa a kan tumbi, ya dafa gahawa mai kama da ruwan wanki, ya kai mata har gado yana washe baki yana jira a tafa masa. Matar ta sha ta yi godiya, sannan ta tashi ta kwashe rabin yini tana goge ɓarnar da ya yi mata.

Milutin ko wannan ɗin bai taɓa yi ba. Shekara ashirin da bakwai da aurensa da Zorka, iyakar bajintarsa fure ɗaya da yakan sayo a hanyar dawowa daga tashar jirgin ƙasa inda yake aiki, shi ma sai in abokan aiki sun zungure shi. To bana abin ya zo masa da gardama. Akwatuna biyu na tsaye a bakin ƙofa tun jiya, ga tikitin motar ƙarfe sha ɗaya zuwa birnin Novi Sad maƙale a jikin firij. Zorka za ta tafi wurin yayarta Radmila. Da ya tambaye ta ranar dawowa, sai ta ce na zuwa kawai ta yanka.

Abin ya samo asali ne tun watan Janairu, da aka kwantar da ita asibiti kwana biyar aka yi mata aiki a ciki. Ta dawo gida tana dafa bango, ta tarar da kwanukan kwana biyar jibge a wurin wanke-wanke suna jiranta, har na ƙasa sun fara gashi. Gogan naka kuwa yana zaune gaban talabijin, ya ɗago kai ya yi mata sannu da zuwa, ya kuma tambaye ta me za a ci. Ba ta yi faɗa ba. Ta wanke kwanukan tsaf, kuma tun daga ranar ba ta ƙara yin dariya a gidan ba. Shi dai har yanzu gani yake a kan 'yan kwanuka ake wannan tashin hankali, abin har mamaki yake ba shi.

Ana gobe tafiyar, da yamma, ya ci karo da Goggo Stana a matattakala. Tsohuwa ce da ƙofarta ke kallon tasu, kuma babu abin da ke shiga ko fita daga benen nan ba da saninta ba.

"Maƙwabci, na ga akwatuna," in ji ta. "Ta ɗauki kaskon?"

"Wane kasko kuma?"

"Kai dai an yi sakarai. Baƙin kaskon fanke mana, na kakarta. Je ka duba ka zo ka faɗa min."

Ya shiga ya leƙa. Yana nan rataye a ƙusarsa kusa da taga.

"To ka gode wa Allah," in ji Goggo Stana. "Da kaskon nan aka kai uwarta ɗakin miji, da shi aka kawo ta ita ma. Macen da ta bar kaskonta ba ta gama da gidan ba, so take a roƙe ta. Gobe ranar mata ce. Ka motsa wannan jikin naka ka yi wani abin kirki, ko sau ɗaya kafin ka mutu."

Milutin ya rasa abin kirkin da ake yi, sai ya tambayi wayarsa. Wayar ta nuna masa wani saurayi mai fararen haƙora a wani kicin da ko ƙuda bai taɓa shiga ba, yana koyar da karin kumallon masoya: fanken cakulan, masu kauri kamar katifa, an jera su an kwarara musu narkakken cakulan a ka. Saurayin ya rantse babu macen da za ta ci wannan zuciyarta ba ta narke ba. Milutin ya kalla sau uku, ya ji a ransa ai aikin ma ba shi da wuya. Dama ya daɗe yana zargin mata suna zuzuta wahalar girki ne kawai.

Ƙarfe shida na safe ya sauka kasuwa. Ya sayi hodar cakulan da ƙwai da madara, ya tsaya wurin mai furanni ya ce a ba shi huɗu.

"Wa ya rasu?" ta tambaye shi.

"Babu kowa. Na matata ne."

"Da ranta? To huɗu na kabari ne, malam. Masu rai uku ake ba su ko biyar. Shekarunka nawa da aure?"

Ya karɓi biyar ya yi gaba yana ƙunƙuni, wai mata sun cika camfi.

Da ya dawo Zorka ba ta fito ba tukuna, tana ɗakin 'yarsu da ta koma kwana tun Janairu. Ya rufo ƙofar kicin a hankali, ya sauko da kaskon, ya kai shi gaban taga ya duba. Baƙi ƙirin, ciki da baya, ga nauyin tsiya. Ya tuna na saurayin waya mai sheƙi kamar madubi, sai ya ji wani irin daɗi ya ratsa shi. Ashe matar da ta ɗaga hankalin duniya a kan kwanukan kwana biyar, ita tana da kaskon da ya shekara da shekaru bai ga sabulu ba! Ba zai goranta mata ba, shi ai mutum ne mai girma. Zai dai nuna mata. Ba wanke-wanke take so ba? To zai wanke mata abin da ya fi komai datti a gidan.

Ko yarinyar da ba ta kai tsawon teburi ba a garin nan ta san ba a wanke kaskon fanke. In an gama suya, tsumma ake sa wa da ɗigon mai, a goge a rataye. Wannan baƙin da ke jikinsa shi ne kaskon, shi ke sa ƙulli ya zame ya tashi sumul ba ya kamawa, kuma ba a kasuwa ake sayensa ba, shekaru ke tara shi. Sau dubu nawa Zorka ta goge kaskon nan a gaban Milutin, yana zaune taku biyu daga ita yana cika baki da fanke yana karanta labarin ƙwallo.

Ya fara da sabulu da soso, baƙin ya ƙi motsi. Ya koma soson ƙarfe. Ya ɗauko wuƙa ya kankare. Da abin ya yi tsamari ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya zaro takardar goge katako, ya cire riga ya rage daga shi sai singileti, ya duƙufa. Tun da aka ɗaura masa aure bai taɓa yin gumi irin na safiyar nan a cikin gidansa ba. Bayan awa guda da rabi ƙarfen ya fito fari fes. Ya ɗaga shi sama ya kalli fuskarsa a ciki, ya gyara gashin baki.

Sai kwaɓi. Ya zuba fulawa da ido, ya fasa ƙwai har da ɓawo, ya juye rabin gwangwanin hodar cakulan don a san ba rowa, ya manta sukari. Ƙullin ya yi kauri har ludayi na tsayawa a ciki da kansa. Ya ɗora kasko a wuta ya zuba na farko. Fanken ya rungume ƙarfen ya ce ba inda za shi. Ya tura cokali, ya yage. Ya kankaro shi gutsi-gutsi ya tura gefen faranti. Na biyu ya ƙone a ƙasa, samansa ɗanye. A na huɗu hayaƙi ya cika kicin har ya fara bin ƙarƙashin ƙofa.

Aka ƙwanƙwasa. Goggo Stana ce da rigar barci, tana toshe hanci.

"Gobara ce ko soyayya?"

"Fanke nake mata, Goggo. Na cakulan."

"Ai kuwa na ji. Duk benen ma ya ji." Ta ture shi ta leƙa kicin. Idonta ya sauka kan gefen kaskon da ke walƙiya a kan wuta. Ta yi tsaye. Ta zana gicciye a ƙirjinta a hankali. "Milutin, wannan kaskon wa?"

"Nata ne mana. Wanke shi na yi. Kin ga yadda ya fito?"

Tsohuwar ta ja da baya. "Ni ban shigo nan ba," in ji ta. "Ban ga komai ba." Ta koma ɗakinta, ya ji ta murza makulli sau biyu. Ya ɗauka hassada ce, don mijinta har ya mutu bai taɓa yi mata irin wannan ba.

Cikin goma sha biyu ya sami uku da za a iya kira fanke in an yi wa mutum kara. Ya jera su, ya lulluɓe raunukansu da narkakken cakulan, ya sa furanni a kwalbar ruwa. Sannan ya sake wanke kaskon ya dawo da sheƙinsa, ya ajiye a kan kujera ya rufa masa tawul. Wannan ita ce babbar kyautar, sai a ƙarshe.

Ƙarfe tara da rabi Zorka ta fito sanye da kwat ɗinta na tafiya, jaka a kafaɗa. Ta tsaya a ƙofar kicin. Fulawa a ƙasa, cakulan a labule, ɓawon ƙwai a kan rediyo, ga mijinta a tsakiya da singileti, baƙi har goshi, yana riƙe da faranti da hannu biyu.

"Barka da ranar mata," ya ce.

Ta dube shi, ta dubi farantin. Sai kafaɗunta suka fara rawa. Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ba a ji ba tun Janairu, har ta dafa ƙofa tana share hawaye. Milutin ya washe baki. Saurayin waya bai yi ƙarya ba.

Ta zauna ta gutsura ta tauna, ta daɗe tana taunawa.

"Ka sa sukari?"

"Cakulan ai da zaƙinsa yake zuwa."

"Wannan hodar ɗaci gare ta, wawa." Amma a yadda ta faɗi wawan babu zafi, irin na da ne. Ta nuna tarkacen da ke gefen ɗaya farantin. "Wancan fa?"

"Na farko ne. Ya lalace."

"Na farko kullum lalacewa yake."

"Naki ba ya lalacewa. Ni ban taɓa gani ba."

"Ina za ka gani? A tsaye nake cinye shi a bakin murhu kafin in kawo muku masu kyau."

Ya ce to. Ta dubi agogo, ta dubi robar ƙullin, ta yi tsaki. Sannan ta sauke jakar, ta cire kwat ta rataye a bayan kujera, ta fara naɗe hannun riga.

"Wannan ƙullin gini za ka yi da shi? Fanke sai ka hango hasken taga ta cikinsa. Miƙo ruwan kwalban nan mai gas a firij in sassauta shi, da sukari. Matsa ka gani, ko sau ɗaya ka kalla." Ta miƙa hannu wajen ƙusa ba tare da ta duba ba, hannun ya taɓa bango. "Ina kaskona?"

Milutin ya gyara tsayuwa. Ga kwat a kan kujera, ga mota za ta tashi ba da ita ba, ga shi kuma bai ma fito da babbar kyautar ba. Ya kama bakin tawul ya fizge kamar mai buɗe sabon gini.

"Kin ce ba na wanke-wanke. Awa ɗaya da rabi, Zorka. Har da takardar goge katako."

Ta ɗauki kaskon. Ta juya shi baya, ta juyo shi. Ta shafa cikinsa da babban yatsa, ƙarfen ya yi ƙara a ƙarƙashin yatsan saboda kaushi. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi.

"Kakata ta soya a cikinsa shekara talatin," ta ce. "Uwata ashirin da biyar. Ni ashirin da bakwai, a gabanka."

"Ai datti ne ya taru. Duba yadda yake ƙyalli."

"Na gani."

"In bai yi ba sai in sayo miki sabo, irin wanda ba ya kamu. Akwai su a..."

Ta rataye kaskon a ƙusarsa, ta daidaita shi. Ta sauke hannun rigarta, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauki kwat.

"Zorka, tsaya mana. Goggo Stana ta ce ba za ki tafi ki bar shi ba. Ta ce macen da ta bar kaskonta dawowa za ta yi."

"Ba ta yi ƙarya ba. Da gangan na bar shi, don in na kwana biyu hankalina ya kwanta in sami abin da zan ce wa Radmila zan koma in ɗauko." Ta saɓa jaka. "Yanzu me zan ce mata? Wannan ban san shi ba. Naka ne, kai ka yi shi."

Ya bi ta zai kama mata akwati, ta ce ya bari, hannunsa duk cakulan ne. Ta ja su da kanta, ɗaya bayan ɗaya, har ƙasa. Ƙofar Goggo Stana ba ta buɗe ba.

Milutin ya koma kicin. Kaskon na rataye yana ɗaukar ido, rana na dukansa. Ya nemi kujera ya ga duk fulawa ce a kai, sai ya tsaya a bakin murhu ya jawo farantin tarkace. Ya tsinci gutsuren fanken farko ya sa a baki. Ya huce, ga ɗaci, ga ɓawon ƙwai. A tsaye ya cinye shi.