Sandar Gidan Shaihu Albashir

"A hankali, don Allah a hankali! Gilashi ne!"

Abduljalil ke ɗaga murya, hannuwansa biyu a sama, masu lodi suna zuro wani dogon kwali daga kan motar Ngaundare. Yayarsa Zenaba na tsaye a inuwar rumfar tashar, ta danne bakin mayafi da haƙora. Rabonta da shi wata takwas, tun zaman makokin mahaifinsu, kuma ko a lokacin kwana biyu ya yi ya koma Duwala. Yau ga shi da furfura a gemu, daidai inda ta fara fito wa Abba.

"Adda!" ya ce da ya hango ta. "Ke da kanki, cikin wannan rana?"

"To wa zan aiko? Ka rame, Jalil. Matar nan tana ba ka abinci kuwa?"

Ya yi dariya. Ita kuwa idonta na kan kwalin. Littattafai ne, ta ce a ranta, ko kuwa alkyabba ya ɗinko. Ba ta tambaya ba. Zenaba ta iya rashin tambaya idan tana tsoron amsa.

Ga abin da ya fito da ita tasha da hantsin Juma'a. A unguwarsu ta bakin kogin Binuwai, a nan Garwa, limancin masallacin Juma'a bai taɓa barin gidansu ba. Kakan kakansu na farko a garin, Shaihu Albashir, Balaraben Shuwa ne daga Kusseri. Da shanu ya zo, littattafansa a gafaka bisa takarkari, da niyyar damina ɗaya. Mutanen wurin suka ji karatunsa suka ce ai ba inda za shi. Ranar da ya fara hawa mumbari babu sandar huɗuba, sai ya riƙe ta kiwonsa, kuma ita ake riƙewa har yau. Ɗansa Hamdan ya haɗa limanci da alƙalanci a zamanin Faransawa. Jikansa Alhaji Annur ya yi depite, wato wakilin jama'a, a majalisar Yawunde, yana zuwa ya yi musu gardama da Faransanci mai ƙamshin Larabci, ya dawo ya ja sallah. Sai Abba, Liman Attahir, wanda bai taɓa neman kujera ba, amma duk mai neman kujera sai ya cire takalmi a zaurensa.

Kowane limami, ranar da zai karɓi sandar, akan auna ta da tsayinsa, baduku ya ɗinka zoben fata daidai inda hannunsa ke kamawa. Zobe huɗu ke jikinta. Maza ke riƙe ta, mata ke shafa mata man shanu duk Alhamis don kada ta tsage, kuma tun da Zenaba ta dawo gida bayan rasuwar mijinta ita ke wannan aikin.

Da Abba ya rasu, na'ibinsa Malam Uba ya ci gaba da jan sallah kafin a ga ɗan gida. Wata takwas ana jira. Daga ƙarshe dattawan masallaci suka turo shugabansu, Alhaji Sulaimanu, ya faɗa mata cikin ladabi cewa jama'a sun gaji da zaman wucin gadi. Ana cikin haka wayar Abduljalil ta shigo.

"Adda, auna mini tsawon sandar Abba," ya ce. "Ina nan tafe Juma'a ta sama."

To, don Allah, 'yar gidan Albashir me za ta fahimta da wannan magana? A gidan nan ba a auna sandar sai don abu ɗaya. Ta ari awon tela ta auna. Kafin la'asar ta je wurin baduku ta sa ya yanka jar fata mai laushi. Ta aika wa Alhaji Sulaimanu cewa a ƙara haƙuri zuwa Juma'a, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da suka isa gida ta shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗakin Abba, ta kawo kisira, wainar dawa ta Shuwa, da miyar busasshiyar kuɓewa, irin wadda mahaifiyarsu ke yi. Gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda karatun ɗalibai da hayaniyar baƙin Kusseri, yanzu sai kukan kurciya. 'Yan'uwa sun watse, wasu Marwa, wasu Njamena, wasu kabari. Zenaba ta zauna tana kallon ƙanenta yana cin abinci, ta ji kamar gidan ya fara numfashi.

"Ka yi sauri," ta ce. "Sha biyu ta kusa, kuma baduku zai zo."

"Baduku? Takalmin wa ya tsinke?" Ya wanke hannu yana murmushi. "Tsaya ki ga abin da na kawo tukuna."

Ya yanke igiyar kwalin, ya zare tsummoki da tsofaffin jaridu. Akwati ne na gilashi, dogo siriri, gefensa baƙin katako mai sheƙi, cikinsa an shimfiɗa koren karammiski. A ƙasansa an manna farantin tagulla da rubutu.

"Daidai awon da kika ba ni," ya ce, yana shafa shi. "Ba ƙura, ba gara. Na gyara mata bango guda a falona, tsakanin hoton Alhaji Annur a majalisa da na Abba. Kin ga sunayensu nan, su huɗun, da shekarun kowa."

Zenaba ta dubi akwatin, ta dubi ƙanenta. 

"Su huɗu," ta ce.

"Su huɗu mana."

Ta kwance bakin mayafinta a hankali, ta fito da jar fatar, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu. Abduljalil ɗan gidan ne, ba sai an yi masa bayani ba. Murmushin ya bar fuskarsa.

"Innalillahi. Adda... ni kika zata?"

"Wa zan zata? Ka ce in auna."

"Don kafinta na ce!"

"A gidan nan an taɓa auna ta don kafinta?" Muryarta ta tashi. "Na gaya wa Alhaji Sulaimanu. Na gaya wa unguwa. Jiya matan layin nan har gaisuwar murna suka shigo yi mini, ni kuma baki har kunne kamar wawiya!"

Ya sunkuyar da kai, yana murza goshi.

"Adda, shekara talatin da ɗaya ina tashar jiragen ruwa ina cika takardun kwantena. Rabona da buɗe littafin fiƙihu tun ina da gashi a ka. Da me zan yi wa mutane huɗuba? In hau mumbarin Abba in yi ta in-ina, yara na dariya?"

"Karatu yana jininka. Wata uku ka zauna zai dawo."

"Ba zai dawo ba. Kin san ba zai dawo ba." Ya ɗago kai ya ce, "Kina tsammani ni ba na kewar gidan nan? Rannan Nazira ta dawo daga makaranta, an ce kowa ya faɗi asalinsa. Ta ce mini, Papa, mu 'yan ina ne? Da Faransanci ta tambaye ni, Adda. 'Yata, jikar Liman Attahir! Na rasa abin da zan ɗauko in nuna mata. Shi ya sa nake son sandar. In na tashi da safe in gan ta, su ma su gan ta."

Da faɗa ya yi mata da ta fi jin daɗi, don ta iya faɗa. Amma wannan maganar ba ta faɗa ba ce. Ashe ciwo ɗaya ke damunsu, kowa da inda yake sosawa.

Sai aka yi sallama a zaure. Malam Uba ne, cikin farar rigarsa ta Juma'a wadda wanki ya cinye wa wuya. Ɗan mahauci ne, mahaifinsa na da teburin nama a babbar kasuwa, kuma yana da shekara tara aka kawo shi gaban Abba. Yanzu ya haura arba'in. Ya durƙusa daga nesa ya gaida Zenaba da Larabcin Shuwa, irin na Abba sak, har da yadda yake jan ƙarshen gaisuwa. Ya juya ya gaida Abduljalil da shi. Abduljalil ya buɗe baki, ya laluba, ya amsa da Hausa.

Malam Uba ya miƙo wani ƙunshin takardu da hannu biyu.

"Huɗubobin Malam ne, da rubutun hannunsa. Na ji an ce yau ɗan gida zai hau, na ce bari in kawo da wuri ya duba. Na sa alama a kan ta wannan watan, gajeriya ce. In ana so in tsaya kusa da mumbari, sai in tsaya."

Ba wanda ya karɓa. Zenaba ta san abin da duk unguwa ta sani: wata takwas mutumin nan yana hawa mumbari hannu wayam. Wani attajiri ya kawo masa sanda daga Makka mai kan azurfa, ya yi godiya ya ajiye, ya ce masallacin nan yana da sandarsa, tana gidan Malam. Kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa a ba shi sandar ba.

"Malam Uba," ta ce, "je ka masallaci. Riƙe takardun tukuna."

Da ya fita ta tashi ta shiga ɗakin Abba. Sandar na jingine a kusurwar da take kullum, baƙa wuluk, tana ƙamshin man jiya. Ta ɗauke ta. Idan sandar ta shiga gilashi, ta gidan Albashir ce har abada, ba mai cewa limanci ya bar hannunsu da yardarsu. Idan ta shiga masallaci yau, ta fita ke nan, daga ita har sunan gidan. Zenaba ta tsaya a ɗakin har ta ji ladan ya gwada lasifika, tana jiran Abba ya yi gyaran murya ya faɗa mata abin yi, kamar da. Ɗakin bai ce komai ba.

Ta fito.

"Wa zai shafa mata mai a Duwala?" ta ce.

"A gilashi ba ta buƙatar..."

"Tana buƙata. Shekara ɗaya ba mai, ba hannu, za ta tsage. Kuma mutum ɗari huɗu na zaune can suna jiran ta."

"Adda, to ni me zan nuna wa yarana?"

"Motar da ta ɗauko gilashi daga Duwala ba ta fashe shi ba, ai za ta iya ɗauko yara. Kawo su hutu. Su ci kisira, su ga kabarin kakanninsu, in koya wa Nazira shafa mai, in Malam Uba ya yarda a riƙa kawo ta ran Alhamis."

"Kin san me kike yi kuwa? Shekara ɗari da wani abu."

"Na fi ka sani. Ni na zauna da ita." Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. "Ba da son raina ba ne, Jalil. Wallahi ba da son raina ba. Baduku in ya zo, ya je ya auna hannun Uba bayan an sauko."

Abduljalil ya daɗe yana kallon koren karammiskin nan. Sannan ya ja tsumma ya rufe akwatin.

"Abu ɗaya nake roƙonka," ta ce. "Ɗan gida ne zai fitar da ita, ta ƙofar zaure, a gaban kowa. Kada a ce mace ta miƙa ta ta kan katanga."

Ya yi alwala, ya sa farar riga da hula. Ta miƙa masa sandar. Bai duba ba ya kama, hannunsa ya sauka a kan zoben Abba, ko ɗan yatsa bai goce ba. Ta gani, ta kau da kai.

Ta bi shi har bakin zaure ta tsaya. Daga gidan zuwa masallaci ba nisa, layi ɗaya ne miƙaƙƙe, gida tara a dama. Rana ta take, masu tabarmi a kafaɗa na ta wucewa. Abduljalil ya sa kai, sandar na taɓa ƙasa tare da ƙafarsa ta dama, kafaɗarsa ta hagu ta ɗan karkace. Ba wanda ya koya masa wannan tafiyar. Masu babur suka rage gudu. Mai sayar da turare ya miƙe tsaye. Wani tsoho da ke zaune a gindin dalbejiya ya ɗago kai, ya zabura, ya ce da ƙarfi, "Allah gafarta Malam!" kafin ya tuna, ya kama bakinsa.

Abin da ta yi wata takwas tana roƙon Allah ya nuna mata ke nan, ga shi kuwa tana gani da idonta, da rana tsaka. Ta riƙe ƙyauren zaure da hannu biyu. Ya wuce gida na huɗu. Ya wuce na shida.

"A hankali, Jalil," ta ce, ba mai jin ta. "Don Allah yi a hankali."

Ya kai ƙofar masallaci, ya cire takalmansa, ya shiga.