Makon da Chebo Yake Dawowa Gida

Karin kumallo na kyauta ne ya shigar da mu otal ɗin. Wata yarinya ce ta tare mu a bakin teku a Acapulco, ta ce mu zo mu ci, mu saurari ɗan bayani, shi ke nan. Ɗana Beto ya ce, "Mama, kyauta ce fa, mu je." Ƙanwarsa Maricruz ta harare shi, amma ta biyo mu.

Lokacin ban daɗe da binne mijina Eusebio ba, wanda kowa yake kira Chebo. Yaran ne suka dage sai na fito daga Atlixco na sha iska, wai na rame kuma ba na zama wuri ɗaya. Gaskiyarsu ce. In share tsakar gida, in dawo in sake sharewa. Ko a Acapulco na kasa kishingiɗa a kujerun bakin ruwa. Ina zama sai ƙafafuna su tashe ni.

Chebo direban bas ne. Rabin rayuwarsa yana kawo mutane garin nan, ya sauke su a tasha, ya ci abinci a tsaye, ya juya. Ta gilashin mota yake ganin teku, bai taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Kullum yana cewa, "Chayo, in na ajiye aiki zan kai ki, mu shiga har wuya." Zuciyarsa ta tsaya kafin ya ajiye.

Da muka gama cin ƙwai da wake, aka haɗa mu da wani mai farar riga, sunansa Lisandro. Ya hau da mu bene, ya buɗe wani ɗaki mai falo da kicin, ya yaye labule, sai ga teku shimfiɗe.

"Mama, ba ɗakin za ki saya ba," in ji shi. "Mako ɗaya za ki saya a cikinsa. Kowace shekara wannan makon naki ne, ke da 'ya'ya da jikoki. Babu neman masauki, babu ciniki."

"Sauran makonnin fa?"

"Na wasu ne."

"Kenan a gadon mutane zan kwanta."

Ya yi dariya, ya ce ana sauya zanen gado. Muka sauko, ya zaunar da mu a teburi, ya yi ta magana har rana ta take. In na miƙe sai ya sa a kawo mini lemo. Can gefe kuma duk wanda ya sa hannu sai a buga ƙararrawa, ma'aikata su yi tafi. Kowane bugu sai na zabura.

Beto ya riga ya narke. Shi a Monterrey yake aiki, Maricruz a babban birni. Tun ranar jana'iza ba su haɗu ba sai a wannan tafiyar, kuma a mota ma faɗa suka yi ta yi a kan wanda ya fi kirana a waya. Ya kama hannuna.

"Mama, in ba mu da wurin da ya zama dole mu zo, ba za mu haɗu ba. Kin san halinmu."

"Ka san halinka dai," in ji Maricruz. "Yaya, kai da kake mantawa da ranar haihuwar 'yarka?"

"Ke rufe mana baki, malamar makaranta."

Na san Beto yana da gaskiya. Kuɗin kuma nawa ne, wanda kamfanin bas ya ba ni bayan rasuwar, don haka hannuna ake jira.

Makon Kirsimeti da na Ista sun fi ƙarfinmu nesa ba kusa ba. Lisandro ya tafi, ya dawo yana rage murya kamar mai ba da sirri. Wai akwai wani mako da ya rage, mai sauƙi, kuma yara suna samun hutu a cikinsa. Ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba.

Maricruz ta dube ni. Ita ta fara ganewa.

Na ce, "Ranar Matattu kenan." A wajenmu ranar ce mamata suke dawowa gida su ziyarci nasu.

Lisandro ya ce, "Ita ce, Mama. Muna ƙawata harabar otal da furanni, har gasa ake yi. Baƙi suna son abin sosai."

"Mijina bana ne zuwansa na farko."

Ya yi mini ta'aziyya da kyau, ba zan ɓoye ba. Amma ni abin da nake gani daban. Ina ganin Chebo ya taso daga inda yake, da ƙishinsa, ya iso ƙofar gidanmu ya tarar da kwaɗo. Babu furen rawaya da zai bi, babu kyandir, babu kofin ruwa, babu miyar mole da yake lashe kwano a kanta. Kuma ba bana kaɗai ba, kowace shekara.

"Ana iya musanya makon," in ji Lisandro, "in an samu gurbi."

"In ba a samu ba fa?"

Ya gyara biro.

Beto ya ce, "To ki yi masa a nan mana! Ba shi ne mai son teku ba?"

Wallahi na so hakan. Na tambayi Lisandro ko zan iya kunna kyandir a ɗaki. Ya ce akwai na'urar gano hayaƙi, amma suna da masu batir. Na ce ko zan iya zuba fure tun daga ƙofar shiga har bene. Ya ce masu shara suna wucewa safe da yamma.

"To ta ina zai gane ɗakin? Duk ƙofofinku iri ɗaya ne. Ni ma da raina ɗazu na ɓata."

"Mama," Beto ya ce, "Baba ya rasu. Mu ne muke da rai."

Ƙararrawa ta sake bugawa a can gefe. Na ɗauki jakata da gorar ruwan da suka ba mu, na fita. Ban tsaya ba sai bakin teku. Na cire takalmi, na shiga har gwiwa da siket ɗina, na zubar da ruwan gorar, na cika ta da na teku. Maricruz ta same ni a can, ta riƙe mini takalmi. Beto kuwa har muka rabu a tasha bai kalle ni ido cikin ido ba.

Da Nuwamba ta zo, Maricruz ta iso da yaranta. Muka haɗa teburin Chebo: hotonsa da hular aiki, mole, burodi, kyandir na gaske. Na ajiye kofin ruwan sha, kusa da shi na zuba ruwan tekun a faffaɗan kwano, na sa a ƙasa, inda ƙafa za ta kai.

Beto bai kira ba. Saƙo kawai ya turo wa ƙanwarsa cewa zai gani.

Mutane daga ƙofar gida suke fara zuba fure. Ni na ɗauki kwando na wuce ƙofa, na wuce shagon Don Fermín, ina zubawa har kwanar da tasi ke sauke masu zuwa daga tasha. Maricruz ta leƙo ta ce, "Mama, ki zo ki zauna mana."

Na ce ina zuwa. Iska ta ɗan watsa na wajen kwanar, sai na koma gyarawa.