Lambar Kunnen Saniyar Habi

Mushe Mamani, wato malamin boko, ya shekara talatin da biyu yana koyar da lissafi a Dakoro, amma bai taɓa kallon saniyar gidansa da kyau ba. Saniyar ta matarsa Habi ce, gadon mahaifiyarta, ita kaɗai ta rage daga garken. Da ta ɓata, Habi na kwance da targaɗe, sai kuka take. Kwana shida aka ji labarin an tsare wata a garken meri, wato ma'aikatar magajin gari, na Kornaka, kuma in mai ita bai zo ba, ranar kasuwa za a yi gwanjonta. Dole Mushe ya hau kabu-kabu.

Mai gadin garken, Zakari, mutum ne mai ƙa'ida. Ya tare ƙofa ya ce, "Takardar rigakafi?"

"Gara ta cinye."

"To, mi ne launinta?"

Mushe ya ce, "Ja... ko kuwa hwara-hwara."

"Ƙahonta hwa?"

"Biyu dai."

Masu zaman inuwa suka kwashe da dariya. Wallahi ni ma da nake ba ku labarin na ji masa kunya. Zufa ta karyo masa, don ya san idan ya koma hannu rabbana, ba faɗa Habi za ta yi ba, shiru za ta yi, shi ne abin da ya fi tsoro.

Sai ya tuna robar lamba da masu rigakafi suka maƙala wa saniyar a kunne. Sau ɗaya ya karanta ta, bara, yana alwala.

"Lambar ban riƙe ta duka ba," in ji shi, "amma na san halinta. Gida shidda gare ta, mara ce ba cika ba, ta ƙare da tamanin da ɗaya. Kuma wata lamba ce aka ninka da kanta. Ita wannan lambar, ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Ita na riƙe: ɗari huɗu da tara. Ninka ta da kanta ka gani."

Zakari ya danna a salularsa, 167281 ya fito. Ya shiga garke, ya kama kunnen wata baƙar saniya, baƙa wuluk, ya goge robar da babban yatsa. Ya daɗe yana duba salula yana duba kunne.

"Mushe," ya ce, "ɓarawo ba ya wannan wahala. Ja abarka."

Da la'asar suka iso gida a bayan motar dabbobi. Habi ta jiyo kukan tun daga ƙofa. Ta manta da targaɗe, ta fito tana ɗingishi ba ko sanda, ta rungume wuyan saniyar tana kiran "Inna, Inna," tana dariya hawaye na zuba. Mushe ya tsaya riƙe da igiya yana kallon saniyar.