Sunan da Baba Ya Kira a Ranar Godiya

Tun ranar Talata Vernell take tsaye a kicin. Ta jiƙa talotalo a ruwan gishiri, ta wanke ganye har sau uku, ta gasa burodin masara, tana yi tana leƙa mahaifinta, Hosea Tillman, tsohon dattijon cocinsu. Shekara huɗu ke nan da ɓarin jikinsa ya shanye. Ita ke masa wanka da aski, ita ke tura kekensa zuwa coci duk Lahadi. Magana ta yi masa nauyi, sai ya wuni bai ce uffan ba.

Da hantsin Alhamis, Ranar Godiya, bikin da dangi ke taruwa duk shekara su ci abinci su gode wa Allah, motar ƙanwarta Corinne ta tsaya a kan busassun ganyen da suka rufe ƙofar gida. Sau ɗaya take zuwa daga Chicago a shekara. Ta shigo da mijinta Lamont, tana ƙamshin turare, riƙe da kek ɗin kabewa na kanti. Tsohon ya ɗago kai, karkatacciyar fuskarsa ta washe, ya kira sunanta sarai, har sau biyu.

Vernell ta tsaya da ludayi a hannu. Rabonsa da kiran nata sunan tun bazara. In yana nemanta, hannun kujera yake ƙwanƙwasawa.

"Sannu da aiki, Yaya. Kin rame fa," in ji Corinne.

"Ke kuwa kin yi kyau. Ashe wahalar ɗauko kek daga kanti ba ta rage ki da komai ba."

Lamont ya yi 'yar dariya, ya sulale wajen kallon ƙwallo.

Da aka zauna cin abinci, Gwaggo Eula, ƙanwar tsohon, ta ɗauko Littafi Mai Tsarki na marigayiya mahaifiyar su Vernell. Tun rasuwarta Vernell ke karanta Zabura kafin a sa hannu a abinci. Vernell ta miƙa hannu ke nan, sai tsohon ya sa lafiyayyen hannunsa ya tura littafin gaban Corinne. Corinne ta karanta tana tuntuɓe, amma Gwaggo ta share ido ta ce muryar uwarsu ce sak.

Aka shiga zagaye kamar kowace shekara, kowa ya faɗi abin da yake gode wa Allah a kai. Corinne ta gode da ran Baba, aka amsa da amin. Aka zo kan Vernell.

"Na gode wa Ubangiji da ya ba ni baya mai ƙwari," ta ce, idonta a kan faranti. "Ba kowa ya ba ba."

Gwaggo ta dube ta ta saman tabarau. Lamont kaɗai ya ce amin, shi ma ciki-ciki.

Corinne ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗauki cokalin tsohon, ta ce yau Yaya ta huta, ita za ta ba shi. Ta ciko cokali ta kai bakinsa, ya datse leɓe. Ta sake, ya kau da kai, miya ta zuba a farar rigar da Vernell ta goge masa da safe. A na uku ya fara waige-waige yana bugun kujera.

Wani sanyin daɗi ya ratsa zuciyar Vernell. Ta ci gaba da tauna namanta a hankali, ba ta ɗago ba. Da ta saci kallo sai ta ga ƙanwarta ta sunkuyar da kai kamar ranar da ta fasa kwanon Mama tana yarinya. Nan kunya ta kama Vernell. Kwana uku tana girki don ranar nan, amma abu ɗaya da ta gode wa Allah a kai har cikin ranta shi ne wannan tozarci na 'yar'uwarta, ga littafin uwarsu a buɗe a kan tebur.

Ta tashi ta zagayo, ba ta karɓi cokalin ba. Ta ce wa Corinne ta koma ta hagunsa, ta dama dankali da romo, ta ɗebi rabin cokali, ta jira sai ya haɗiye. Tsohon ya buɗe baki ya karɓa, idonsa na kan Vernell har ya ƙoshi.

Wajen wanke-wanke Corinne ta tambaya ko za ta iya zuwa da bikin Ista ta yi mako biyu. Vernell ta ce in ta zo sun gani. Daga falo suna jin Gwaggo tana yabon kek ɗin kanti, alhali na dankalin da Vernell ta gasa ko rabi ba a ci ba.

Washegari baƙin suka kama hanya. Tsohon ya sa aka juya masa keke wajen taga, ya bi motar da ido har ta sha kwana, ya kuma ƙi a matsar da shi. Vernell na tsaye a bayansa, kishin na sukarta kamar jiya. Ta roƙi Ubangiji a ranta ya yaye mata, ko da ba duka a yau ba. Sannan ta koma kicin ta ɗora sauran talotalon a wuta.